Amsar Azumi

Ranar da aka sallamo Azumi daga asibiti, likita bai yi dogon bayani ba. Ya ce a kai ta gida, a riƙa ba ta abin da ranta ke so, a ci gaba da addu'a. Duk wanda ya taɓa jinya ya san ma'anar wannan magana. Aka shimfiɗa mata katifa a ƙasa a ɗakinta, can cikin lungunan Ƙofar Dumi. 'Yarta Rukayya ta baro gidan mijinta a Gwallaga ta tare, dangi suka shiga sintiri da kwanukan kunu da babu mai sha.

Mijinta, Malam Ɗanlarai, maƙeri ne, amma ba na garma da lauje ba. Tsofaffin gangunan mai yake farkewa, ya miƙar da su da guduma, ya fitar da akwatin ƙarfe da murhun gawayi da bokiti. Shekara arba'in yana wannan duka a wata rumfa da ke bakin lungu, har gudumar ta cinye masa kunnuwa biyu. Shekara goma sha ɗaya ke nan rabonsa da jin magana in ba an ɗaga murya ba. Shi kuwa irin mutanen nan ne da gara a ce sun mutu da a ce sun gaza. Bai taɓa yarda kurumta ce ba. Mutanen yanzu ne, in ji shi, suke magana ciki-ciki kamar marasa gaskiya. In aka yi masa magana bai ji ba, sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, madalla," ya yi gaba. Da ita yake amsa gaisuwa, da ita yake amsa ciniki, an ce har labarin rasuwa ya taɓa amsawa da ita, mutane suka kau da kai don kunya.

Azumi ce ta zame masa kunne. Baƙo ya yi magana, ita za ta maimaita da ƙarfi. Aka yi sallama, ita za ta ƙwala kira daga madafa, "Malam! Ana sallama!" har maƙwabta su ji ta katanga. Sau uku Rukayya tana kawo masa zancen na'urar ji, sau uku yana cewa shi ba rediyo ba ne da za a sa masa batir. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu iya magana, kuma Ɗanlarai ya naɗa nasa ya zauna daram.

To yanzu ga shi ciwon da ya fara daga ƙirjin Azumi ya kai huhu, muryar nan da ke tsallaka katanga ta koma raɗa.

A rana ta uku tsofaffin matan dangi suka aika aka kira shi daga rumfa. Suka ce, Malam, rai na Allah ne, a yafi juna. Ya tsaya a kanta, ya ce da babbar muryar nan ta wanda ba ya jin kansa, "Na yafe miki duniya da lahira." Matan suka share hawaye. Abin da suka zo ji ke nan, a ganinsu in miji ya yafe magana ta ƙare. Har sun fara neman takalma sai ya ƙara da cewa, "Ni ma ki yafe mini, Azumi."

Ta ɗago ido ta dube shi. Bakinta ya fara motsi. Rukayya ta sunkuya ta kara kunne. Bakin ya yi ta motsi, ya tsaya ta ja numfashi, ya ci gaba, ya sake tsayawa, ya sake ci gaba.

"Me ta ce?" in ji Ɗanlarai.

Rukayya ta miƙe, ta ɗaga murya. "Ta ce ta yafe, Baba!"

Matan suka ce alhamdu lillahi, aka watse. Amma mutumin da ya shekara arba'in yana auna ƙarfe da ido ba a yi masa ƙwange. Abin da bakin nan ya faɗa ya ninka abin da aka ba shi sau goma. Kuma labarin zuciya a tambayi fuska: fuskar Azumi ba ta wadda ta sauke kaya ba ce, Rukayya kuwa tun da ta yi maganar idonta na kan tabarma.

Da ɗakin ya yi sauƙi ya durƙusa ya kai kunnensa har bakin matarsa. Ɗumin numfashinta kawai ya ji. Ya canza kunne, duk ɗaya. Azumi ba ta iya rubutu ba balle ya miƙa mata takarda. Ya tare Rukayya a zaure ya sake tambayarta, ta maimaita abin da ta faɗa ɗazu tana murza bakin mayafi. A nan ya gane cewa shi da kansa ya koya wa mutanen gidansa su riƙa ba shi magana a gutsure, mai laushi, yadda ake ba mara haƙori abinci. Tsoro ya kama shi, tsoron gaske. Matar nan za ta tafi, kuma ba zai taɓa sanin ko ta yafe masa ko ba ta yafe ba.

Da safe ya sa hularsa ya ce, "Rukayya, wurin nan na masu duba kunne, a ina yake?"

Ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonsa. Sannan ta je ta ɗauko mayafi.

Wurin a GRA yake, wani tsohon gida ne mai bishiyoyin mangwaro da aka mayar asibitin kunne. Mai duba kunnen sunanta Dorothy, 'yar kudu ce da ta daɗe a Bauchi, Hausarta a sake take, sai dai ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne. Ta leƙa kunnuwansa da 'yar fitila, ta shigar da shi wani ɗan ɗaki mai kamar akwati, ta kifa masa wasu abubuwa a kunne, ta ba shi maɓalli. Rukayya ta yi masa bayani da ƙarfi: duk lokacin da ya ji ƙara, ya danna. Aka rufe ƙofa. Ta gilashin ɗakin Ɗanlarai ya ga matar ta taɓa wani abu a kan teburinta, sai ya danna. Ta ɗaga hannu, ya sake dannawa. Can sai muryarta ta faɗo masa cikin kai kamar daga lasifika.

"Baba, ban kunna komai ba tukuna. Ka bar duba hannuna. Nan ba wanda zai yi maka dariya."

Kunya ta rufe shi. Ya runtse ido, ya jira, ya danna abin da ya ji kawai. Abin da ya ji ɗin kuwa bai taka kara ya karya ba.

Da suka fito ta jawo wani faranti ta ajiye a gabansa. Akwai wata 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar gyaɗa, wadda ke shigewa cikin ramin kunne ba mai gani. Hannun Ɗanlarai bai yi shawara da shi ba, kai tsaye ya nufe ta. Dorothy ta girgiza kai, ta matso kusa da kunnensa ta ce wannan ta masu ɗan raunin ji ce, nasa ya wuce nan. Ta nuna masa wata mai kaurin ɗan yatsa a lanƙwashe, wadda ake rataya ta a bayan kunne, da siririn bututu da ke sauka cikin rami. Ko makaho ya shafa zai san da ita. Ta ce akwai mai caji, akwai mai batir, yaya wuta a unguwarsu? Rukayya ta yi murmushin da ya isa amsa, aka ajiye mai caji gefe.

Ya daɗe yana juya 'yar ƙaramar a tafin hannunsa. Sannan ya ajiye ta. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

"Yarinya," ya ce, "ni ba kasuwa nake so in ji ba, ba rediyo ba. Matata ce ba lafiya, muryarta ta tafi. Akwai maganar da ta yi mini ban ji ba. Wanne ne a cikinsu yake jin raɗa?"

Dorothy ta dubi Rukayya, Rukayya ta sunkuyar da kai. Matar ta ɗauki manyan guda biyu, ta zaɓi robar da ta yi daidai da ramin kunnensa, ta rataya masa, ta koma kan kwamfuta tana latse-latse. Abin da ya fara ji shi ne wani shuu, sannan ƙarar rigarsa da ya motsa kafaɗa. Ashe riga ma tana magana. Sai Rukayya ta ce, "Baba," ba da ihu ba, yadda mutum ke kiran mutum. Ya juya da sauri. Rabon da ya ji muryarta haka tun tana 'yar shekara goma sha huɗu. Wannan muryar babbar mace ce, mai 'ya'ya, bai san ta ba.

Dorothy ta jera masa dokoki. Ya sa daga tashi barci har kwanciya, kullum. Ya cire in zai yi alwala ko wanka, ruwa na kashe ta. Ya cire in zai kama guduma. Kada ya bar ta a rana. Ya dawo bayan sati biyu a ƙara gyarawa. Wannan karon ya ji kowace kalma, amma sabo turken wawa, ya ce, "To, madalla." Ragon da yake kiwo don layya shi ya tafi a kan na'urar, mijin Rukayya ya cika sauran.

Suna fita titi duniya ta rufto masa. Injin keken da suka hau, ham ɗin motoci, babura, mai tallan magani da lasifikarsa, duk suka shigo lokaci ɗaya ba mai ba wani hanya. Kafin su kai Wunti kansa ya fara sarawa. Ya zare su ya ƙulle a hankici. Da ya isa gida ya mayar da su cikin 'yar kwalinsu, ya buɗe akwatin ƙarfen da ya ƙera da hannunsa, ya ajiye su tare da babbar rigar Sallah da kwalbar turare. Lissafinsa mai sauƙi ne: abu mai tsada ba a yawo da shi, batir kuma ƙarewa yake yi. Wa ke sa rigar Sallah ya tafi maƙera? Zai riƙa sawa in zai shiga wurin Azumi, in ya fito ya adana. Akwai dalili na biyu da bai faɗa wa kansa ba, wato ta haka ba wanda zai gan shi da su a waje.

Bayan la'asar ya rataya su ya shiga ɗakin. Fanka na gurnani a kansa. Kaji na ƙorafi a tsakar gida, ana daka a maƙwabta, wani ya yar da cokali a kan siminti ya ji kamar an soke shi. Azumi ta ga abin da ke kunnensa, idonta ya ɗan buɗe. Ya sunkuya. Bakinta ya motsa, ya ji wani abu kamar ana jan tsintsiya a nesa, amma kalma ko ɗaya bai tsinta ba. Ya fito ya adana. Washegari haka, jibi haka. A rana ta biyar da ya shigo ta dube shi, ta lumshe ido, ta juya fuska bango.

Shi kaɗai ya koma GRA, a fusace. Ya dire kwalin a kan tebur ya ce an sayar masa da gwangwani. Dorothy ba ta yi musu ba. Ta haɗa na'urorin da kwamfuta, ta duba, ta rataya masa su don ya ji ta.

"Baba, abin nan yana rubuta lokacin da ka sa shi. Kwana biyar, awa ɗaya da rabi. Ina ka ajiye shi?"

Ɗanlarai ya kalli kwalin. Bai taɓa sanin ƙarfe ya iya kai ƙara ba.

"A akwati," ya ce a ƙarshe. "Kada ya lalace."

"Ba shi ne ya lalace ba. Kunne yana kawo ƙara ne kawai, kai ne yake zaɓa. Kan naka kuwa shekara goma bai yi aikin ba, ya manta. Ranar da aka fara kai ka maƙera, ka iya gane gudumar maigidanka a cikin sauran?"

Ya tuna yana yaro, makon farko duk duka ɗaya ne a kunnensa, kwaram-kwaram kawai. Daga baya kuwa ko yana bayan rumfa ya san wa ke duka, ya san ma ko ƙarfen ya kusa tsagewa.

"Kwana nawa?" ya tambaya.

"Sati biyu, wani uku, wani ya fi. Sannu ba ya hana zuwa, Baba."

"Sai dai a daɗe ba a je ba," in ji shi. "Ni kuwa ba ni da daɗewa."

Ta san gaskiyarsa. Ta ƙara wa na'urar ƙarfin ɗauko ƙananan sautuka, ta ce in zai saurari maman, a kashe fanka, a rufe ƙofa, haske ya faɗa kan fuskarta, ya ba ta kunnen dama don ya fi na hagu rai. Amma duk wannan banza ne in bai sa ta wuni ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kowa ya sani, amma shi ba shi da wani goran. Ya fito da su a kunne, ya ratsa gari da su, bai cire ba.

Ranar farko a masallacin unguwa sai da ya gwammace ƙasa ta tsage. Ya tsuguna alwalar azahar, ya cire hula ya kifa a gwiwa, ya zare na'urorin ɗaya bayan ɗaya ya zuba a cikinta, idon kowa na kansa. Ya yi shafar kunne, ya goge da bakin riga har ya bushe, ya mayar. Mika'ilu, maƙwabcinsa da katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma abokin wasansa tun suna yara, ya ajiye buta ya riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Ɗanlarai, yaushe aka huda maka kunne ba a gayyace mu ba? Saura lalle."

Aka yi dariya. Da a da ne, da bai ji ba, ya ce madalla ya wuce. Yau ya ji, har da dariyar wanda ke can bakin famfo. A cikin sallah kuma, da ya kai goshi ƙasa, bakin hularsa ya danne na'urar ta saki wani siririn fito, sahu guda na ji. Ya tura hular baya, ya idar, ya fita ba tare da ya dubi kowa ba. La'asar ta yi, ya dawo da su a kunne.

Ya ajiye guduma gaba ɗaya. Sai ya zauna a bakin rumfa ya rufe ido yana rarrabe titi. Wannan kurar mai ruwa ce. Wannan babur ne mai fasasshen salansa. Wannan mata biyu ne ke gaisawa, ga ta farko, ga ta biyu. Kansa na ciwo kamar an ɗaure shi da waya. Taunar goronsa ta dame shi, takunsa ya dame shi, muryarsa kuwa da ya ji yadda take fita sai ya tambayi kansa yadda mutane suka jure ta shekara da shekaru. A rana ta shida ya ji karatun liman a sallar magariba daga farkon Fatiha har ƙarshe. A ta tara Rukayya ta yi magana a bayansa, ya amsa bai juya ba, ta saki kwanon da ke hannunta.

Amma ita ma Azumi tata tafiyar ba ta tsaya jiransa ba. Ta bar shan kunu, sai ruwa a cokali. Barcinta ya fi farkawarta yawa. Kullum yakan shiga ya zauna, ya tsinci kalma ɗaya ko biyu, "ruwa", "zafi", sunan 'yarta. Bai sake yi mata tambayar ba. Yana tsoron ta kashe ɗan ƙarfin da ya rage mata a kan amsar da zai kama rabi ya rasa rabi. Yana kuma tsoron ya jira har ya makara. Tsakanin tsoron nan biyu ya rame kamar shi ne majinyacin.

Ranar goma sha uku da hantsi Rukayya ta same shi a zaure ta ce, "Baba, Inna ta farka. Idonta garau yau." Dukansu sun san irin wannan sauƙin ba a cika dogara da shi ba.

Ya tashi. Ya roƙi matan da ke ɗakin su ba shi wuri. Ya aiki Rukayya gidan Mika'ilu ta roƙa a dakata da daka na ɗan lokaci. Ya kora kaji cikin akurki, ya kashe fanka, ya yaye labulen taga haske ya sauka a fuskar matarsa, ya rufe ƙofa. Sannan ya zauna a kan siminti a gefen katifar, ya sunkuyar da kunnen dama. Ya rage muryarsa yadda ya koya a 'yan kwanakin nan.

"Azumi, rannan na roƙe ki gafara. An ce mini kin yafe. Ni dai ban ji ba. Me kika ce?"

Ta daɗe tana kallonsa.

"Kana ji na?"

Siririya ce, tana tafe da shuu ɗin na'ura a bayanta, amma kalmomi ne, nata ne. Ya gyaɗa kai, sai ya tuna gyaɗa kansa ba shi da sauran daraja a gidan nan.

"Kin ce, kana ji na," ya maimaita mata.

Ta lumshe ido ta buɗe. "Rukayya 'yar kirki ce. Ta rufa mana asiri." Ta ja numfashi. "Cewa na yi ba zan yafe wa wanda bai san laifinsa ba. Ya ji tukuna."

"Ga ni."

Maganar ta zo a gutsure, tana yi tana hutawa, shi kuma bai katse ta ba ko sau ɗaya.

"Shekara uku ke nan, da damina. Na ji ƙullutu a ƙirjina, kamar ƙwallon dabino. Na zo na zauna kusa da kai, na faɗa maka. Ka dube ni, ka ce, to, madalla."

Ɗanlarai ya ji kamar an zare masa ƙashin baya.

"Bayan sati na sake. Haka ka ce. Na uku na ɗan ɗaga murya, sai na ji tarin Mika'ilu a bayan katanga. Malam, yaya zan yi? In tsaya tsakar gida in yi shelar abin da ke cikin rigata?"

Ta yi tari. Ya ɗebo ruwa a cokali ya ba ta, rabi ya zube a wuyanta. Ya goge mata da hannun riga.

"Na san da na kama hannunka na ɗora, da ka gane. Zuciya ce ta hana ni. Na ce tun da ba ya son ji, ya zauna. Na yi shiru shekara biyu, sai da Rukayya ta gani da idonta. Wannan nawa ne, ba naka ba." Ta huta. "Ciwo na Allah ne. Kwana in ya ƙare ya ƙare, ban ɗora maka ba. Amma na ji tsoro, Malam. Shekara biyu ina jin tsoro ni kaɗai, kana gefena."

Ya ƙara matso da kunnensa.

"A gidanmu ba a san muryata ba," ta ci gaba. "Innata takan ce, Azumi sai an matso. Kai ka mai da ni mai ihu. Yaran unguwa har kwaikwayona suke yi. Matan da suka tare a unguwar nan daga baya sun ɗauka faɗa nake yi da kai kullum. Kuma akwai maganar da ba a faɗa da ƙarfi. In an ɗaga murya ta lalace. Duk irinta na haɗiye."

Ya jira ko akwai saura, yana jin numfashinta na shiga da fita da ƙyar, yana jin wata kurciya can a kan katanga. Ya so ya ce bai sani ba, amma ya san ƙarya ce, ya san ba ya ji tun ranar farko, ya zaɓi kada a sani ne. Ya so ya ce ƙaddara, kunya ta hana shi.

"Na ji, Azumi," ya ce. "Duk na ji. Ba ni da abin karewa."

Ta zuba masa ido, irin kallon da take yi wa shinkafa in tana tsince tsakuwa. Sannan fuskarta ta saki.

"To," ta ce. "Na yafe maka, duniya da lahira."

Abin da ya sayar da rago don ya ji ke nan, abin da ya sha dariyar masallaci a kansa ke nan, kuma ya ji shi da kunnensa, babu ɗan aike. Ya ɗauka in ya ji zai sami sauƙi. Sai ga shi nauyin ya fi na da, don yanzu ya san girman abin da aka yafe. Kuka ya ƙwace masa. Na'urar kuwa ba ta san kara ba, ta ɗauko kukan ta zuba masa a kai yadda yake, kukan tsoho, mai gurnani da shessheƙa, mara daɗin ji. Bai iya jurewa ba. Ya kai hannu bayan kunne zai zare ta.

Yatsunta suka kama bakin hannun rigarsa. Babu ƙarfi a riƙon, ko ƙuda ba zai tsare ba, amma ya tsaya.

"Bar shi, Malam," ta ce. "Ban gama ba."

Ya sauke hannun. Ya share fuska, ya gyara zama a kan simintin, ya matso da kunnen dama kusa da bakinta.